Wayarka Ba Agogon Shago Ba Ce, Ku Daina Raina Agogon Bango



Yau ba maganar cire makullin waya ko ƙara wa batir ƙarko zan yi ba. Yau faɗa na zo yi, kuma da 'yan'uwana masu sana'ar hannu zan yi shi: masu gyaran waya irina, makanikai, masu walda, teloli, kafintoci da masu cajin waya. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Satin da ya wuce na sayo agogon bango na kafa a shagona. Farar fuska, baƙaƙen lambobi manya, ba fure ba zane. Ina kan kujera ina buga ƙusa sai maƙwabcin shagona ya leƙo yana dariya, wai "Haba Injiniya, kai da kake buɗe cikin manyan wayoyi, shi ne za ka rataye agogon tsofaffi? Wayoyi nawa ne a kan teburinka, kowace ba tana nuna lokaci ba?"

Na ce masa zo ka duba. Waya bakwai ce a kan teburin a lokacin. Uku a mace suke murus. Biyu na cire musu batir, da na kunna su sun koma wata shekara can baya, ɗaya ma tana cewa ƙarfe sha biyun dare alhali rana tana tsaka. Ɗaya sikirin ɗinta a fashe, ba ka ganin komai sai baƙin tabo. Ta bakwai ita ce tawa, tana can lungu a jikin caja. Shago cike da wayoyi, amma babu inda zan ɗaga kai na ga ƙarfe nawa.

BA A CIRO WAYA DA HANNUN DA YAKE AIKI

Masu cewa waya ta wadatar, ina ga ba su taɓa lura da hannayensu lokacin da suke aiki ba. Ni idan ina ɗaga IC, hannun dama yana riƙe da bulowa mai fitar da iskar da zafinta ya haura digiri 300, na hagu yana riƙe da hantsaki. Da wane hannun zan danna waya? Kuma a wannan aikin sakan yana da daraja. Ka bar zafi ya daɗe a wuri ɗaya, ka dafa abin da yake gefe, wayar da aka kawo ma ba ta caji ta koma ba ta kunnuwa gaba ɗaya. Sau nawa muka ji an ce "mai gyara ya ƙarasa min waya"? Wani lokacin ba rashin iyawa ba ne, ƙiyasin lokaci ne da ka. Kai kana jin kamar sakan ashirin ka yi, ashe ka haura minti.

Makaniki kuma fa? Hannu dumu-dumu da baƙin mai, yana kwance ƙarƙashin mota, ya zaro waya daga aljihu don ya ga ko Azahar ta yi. Ta sulluɓe ta daki siminti ko ta faɗa cikin tiren mai. Wallahi ni nake cin ribar wannan ɗabi'ar, don wurina ake kawowa canjin sikirin. Da son kaina zan bi, da na yi shiru. Amma kuɗin sikirin ɗaya na waya mai ɗan kyau zai saya maka agogon bango fiye da ɗaya, har ka samu canjin batir.

Sai babbar matsalar da kowane oga ya sani amma ba ya son faɗa. Ka ce wa yaron shago duba min lokaci. Ya ciro waya, ya ga saƙo ya shigo a WhatsApp, daga nan ya leƙa TikTok. Kai ma ogan haka kake, kada mu ɗora wa yara laifi su kaɗai. Ni kaina na sha ɗaukar waya don duba lokaci, na ajiye ta bayan minti goma sha biyar, kuma in ka tambaye ni ƙarfe nawa ban sani ba. An gina waɗannan manhajojin ne don su riƙe ka. Agogon bango kallo ɗaya kake masa ka koma kan aikinka.

Akwai kuma maganar amana tsakaninka da kwastoma. Ka ce wa mutum ya dawo nan da awa ɗaya, ya dawo bayan minti arba'in yana huci wai ka ɓata masa lokaci. Masu cajin waya sun fi kowa sanin wannan rigimar: "Tun ɗazu na kawo, ya za a yi ta tsaya a kashi talatin?" In akwai agogo a bango wanda ku biyun kuke gani, sai ka nuna masa tun lokacin da ya miƙo wayar: "Alhaji duba, sha ɗaya da kwata yanzu, sha biyu da kwata ka dawo." Magana ta ƙare. Lokacin da yake cikin aljihunka naka ne kai kaɗai, wanda yake bango kuwa shaida ne a tsakaninku.

Zan yi adalci a nan. Lokacin waya ya fi na agogon bango daidaito, tunda daga hanyar sadarwa take karɓarsa. Ban musa ba. Shi ya sa ma da waya za ka saita agogon. Amma daidaiton da sai ka ajiye aiki, ka goge hannu, ka buɗe makulli kafin ka gan shi, bai amfane ka da komai ba a tsakiyar aiki.

MASU SAYEN AGOGO DON ADO

Rukuni na biyu da nake da faɗa da su, su ne waɗanda sun yarda su sayi agogon, amma sai su je su ɗauko na ɗakin amarya. Fuska ruwan gwal, hannaye ruwan gwal, an zagaye shi da duwatsu masu ƙyalli. Wani babu lamba ko ɗaya sai ɗigo-ɗigo. Wani lambobin Romawa ne, ka tsaya kana lissafin wanne ne VII wanne ne VIII. Wani kuma an manna hoton ƙungiyar ƙwallo a tsakiya, hannun agogon ya ɓace cikin hoton.

Na shiga wani gareji kwanaki, na ga agogo mai fuskar madubi an kafa shi yana kallon ƙofa. Daga inda ake aiki ba ka ganin komai a jikinsa sai hasken rana da inuwar masu wucewa. Na tambayi mai garejin ƙarfe nawa, sai ya ciro waya. To me agogon yake yi a bangon?

Ka'idar mai sauƙi ce. In ka ɗaga kai ka kalli agogo, kuma sai ka ƙanƙance ido ko ka matsa kusa kafin ka gane lokaci, wannan agogon bai dace da wurin aiki ba, ko nawa ka saye shi.

MASU JAN WUTA DA SUKE JIRAN NEPA

Na uku su ne 'yan gayu masu cewa ai zamani ya wuce agogo mai hannu, sai mai jan lambobi irin na banki. Ban ƙi shi gaba ɗaya ba. Yana da kyan gani daga nesa, kuma da daddare babu kamarsa. Amma ka tambayi kanka, da me yake aiki? Lambobin LED suna cin wuta sosai, batir ƙarami ba ya riƙe su, dole sai an jona. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, ka sayi agogon da yake mutuwa duk lokacin da aka ɗauke, ka ce ka ci gaba?

Wasu suna da ɗan batir a ciki, irin mai kama da kwabo ɗin nan CR2032 mai bolt 3. Aikinsa ya riƙe lissafin lokaci kawai, fuskar ba za ta haska ba sai wuta ta dawo. Wanda ba shi da wannan batir ɗin kuwa, duk dawowar wuta sai ya koma 12:00 yana ƙifta maka ido, sai ka sake hawa kujera ka saita. Ranar farko za ka saita, ranar biyu za ka saita, kafin sati ka gaji ka bar shi yana ƙifce-ƙifcensa.

Akwai wani abin da da yawa ba su sani ba. Wasu agogunan da ake jonawa kai tsaye a soket, musamman tsofaffin da ake kawowa cikin kayan gwanjo, ba su da abin ƙirga lokaci na kansu. Bugun wutar lantarki suke ƙirgawa. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60. In ka samo wanda aka yi don wutar Amurka kawai, ko ka sa masa abin rage ƙarfin wuta bai ƙone ba, zai riƙa yin latti na minti goma a kowace awa. Wanda aka yi don 50 ɗin ma, ka jona shi a ƙaramin janareta da yake sama yana ƙasa, lokacin ma haka zai riƙa sama da ƙasa. Ko a Turai abin ya taɓa faruwa. A farkon shekarar 2018 irin waɗannan agogunan sun yi latti na kusan minti shida a ƙasashe da yawa, saboda saɓanin wutar lantarki tsakanin Sabiya da Kosobo ya sa bugun wutar ya ɗan ragu na tsawon makonni. In wutar Turai ta yi haka, me kake tsammani daga janaretan bayan shagonka?

Don haka in dai mai jan wuta kake so, sharaɗi biyu: ya zama kana da sola ko inbata da ba ta yankewa, kuma ya zama irin mai jonuwa da USB wanda yake da ɗan batir ɗin ajiya a ciki. In babu waɗannan, bar shi a kanti.

WAI MAI SAITA KANSA

Wannan kuma masu sayarwa ne suke cin kasuwa da shi. Za a nuna maka agogo na gwanjo an rubuta Radio Controlled ko Atomic a jiki, a ce maka shi yake saita kansa, ba ya kuskure har abada, a ƙara maka kuɗi. Gaskiya ne yana saita kansa, amma a ina? Siginar rediyo yake kamawa daga tasha ta musamman. Ta Jamus sunanta DCF77, tana kusa da Frankfurt, kuma iyakar inda ake sa ran kama ta kusan kilomita 2,000 ne. Ta Ingila MSF, ta Amurka WWVB a jihar Kolorado. Daga Kano zuwa Frankfurt ya haura kilomita 4,000. Ka ga kuwa ka biya kuɗin abin da ba zai yi maka aiki ba. A nan zai zama agogo ne kamar kowane, wani ma ya fi wahalar saitawa da hannu, ka sa batir ka ga hannayen sun tafi sun tsaya a sha biyu suna jiran siginar da ba za ta zo ba.

TO WANNE ZA A SAYA?

Na yi ta suka, bari na faɗi abin da nake ganin shi ne daidai. Agogo mai hannu, wanda aka rubuta Quartz a fuskarsa, mai cin batir AA guda ɗaya. Shi ke nan.

'Yan'uwana masu gyaran waya, ku da kuke raina shi, kun san me yake cikinsa? Ɗan kiristal ne mai girgiza sau 32,768 a kowane sakan. Wannan lambar ba baƙuwarku ba ce, irin kiristal ɗin 32.768 ne da muke gani a allon wayoyi da na kwamfuta, wanda yake riƙe musu lokaci. An zaɓi lambar ne don in ka yi ta raba ta biyu har sau 15 za ta dawo 1 cif, wato bugu ɗaya a sakan, shi ne yake tura hannun. Tun 1927 aka ƙera agogon farko mai aiki da kiristal a Amurka, kuma a 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da na hannu na farko a kasuwa. Fasahar da ta yi wannan daɗewar ana amfani da ita, har wayar da kake taƙama da ita ta gaje ta, ita ce kake kira ta tsofaffi?

Ga abin da za ka duba kafin ka biya:

1. Fuska fara, lambobi baƙaƙe, daga 1 har 12 duk a rubuce, da 'yan layukan minti a gefe. Hannaye baƙaƙe masu kauri, kuma dogon ya bambanta da gajeren sosai. Hannun sakan in ja ne ya fi.

2. Girma. Ƙaramin shago irin namu, mai faɗin inci 10 zuwa 12 ya isa, wato kusan santimita 25 zuwa 30. Gareji ko wurin walda mai faɗi, nemi inci 14 ko sama. Kada ka tsaya a gaban kanti ka yanke hukunci. Ba wa mai kantin ya riƙe, ka ja da baya daidai nisan da yake tsakanin bangonka da inda kake aiki. In ka karanta da kallo ɗaya, ya yi.

3. Murfin gaba ya rufe ruf. Agogon da hannayensa suke a waje ba murfi, hunturu ɗaya zai gama da shi, ƙura ta shige cikin injin. Gilashi ya fi roba jure gogewa da hayaƙin dalma, roba tana dushewa ta yi hazo. Amma in wurin da ƙarfe yake tashi ne ko ake buge-buge, roba mai kauri ta fi aminci.

4. Juya bayansa. Ka murza ɗan abin saitawa, hannayen su zagaya awa sha biyu cikakke. Ka lura ko dogon yana gogar gajeren ko yana taɓa gilashi. Ka duba ƙarfen wurin batir, kada ya zama da tsatsa ko farin gari.

5. A sa batir a gabanka. Ka tsayar da shi a tsaye kamar yadda zai zauna a bango, ka kalli hannun sakan yana hawa daga 6 zuwa 12. A wurin hawan nan injin mara ƙarfi yake tona kansa, za ka ga hannun yana rawa a wuri ɗaya wajen 8 ko 9.

6. Mai ƙas-ƙas ko mai tafiya shiru? Mai tafiya sumul ba ƙara ya fi cin batir. A gareji da ake ta hayaniya, ƙarar ba za ta dame ka ba, ɗauki mai ƙas-ƙas. Ga mai ƙirga sakan ma ya fi sauƙin bi.

7. Kada sunan da aka buga a fuska ya ruɗe ka. Buga sunan babban kamfani a jikin jabu ba wuya ba ne. In an ce maka na babban kamfani ne amma kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba, ka san amsar. Araha ba ta ado.

MAGANAR BATIR DA WURIN RATAYEWA

Yawancin agogunan da ake cewa sun lalace, batir ne ya kashe su. An sa mai arha, ya ƙare, an bar shi a ciki wata da watanni, ya yi yoyo ya cinye ƙarfen. Ka sa batir mai kyau, ka rubuta ranar da ka sa a ɗan takarda ka manna a baya, ka canza shi duk shekara ko bai mutu ba. Ni na ɗaura nawa da ƙaramar Sallah don kada na manta. Batir mai caji kuma ba dole ba ne a nan, shi bolt 1.2 yake bayarwa, injin kuwa don 1.5 aka yi shi, wani agogon zai ɗauka wani zai riƙa tsayawa. In ka tarar batir alkalin ya riga ya yi yoyo, cire shi, ka goge farin garin da auduga da ɗan ruwan lemun tsami, ka bari ya bushe sarai, ka kankare ƙarfen kaɗan. Sau da yawa agogon yana tashi. Ka wanke hannu bayan ka gama, kada ka taɓa ido.

Wurin ratayewa ma yana da muhimmanci. Kada ka kafa shi yana fuskantar ƙofa ko taga, haske zai riƙa dawo maka a ido. Kada ka kafa shi dab da kwanon rufi ko inda rana take dukansa. Kiristal ɗin nan ya fi daidai a wajen digiri 25, in zafi ya yi yawa ko sanyi ya yi yawa sai ya riƙa ɗan yin latti. A zafin watan Afrilu da muke haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka, lattin zai iya kai rabin minti ko fiye a wata, ga batir yana saurin lalacewa. Ba wani abin tashin hankali ba ne, amma ka riƙa gwada shi da wayarka duk farkon wata. Sannan ka nisanta shi da bangon da janareta ko injin yankan ƙarfe yake girgizawa, ka kafa ƙusa mai kai sosai a ɗan karkace sama.

In ka kawo sabo, saita shi daidai da waya, ka bar shi sati ɗaya. In ya kauce da 'yan sakanni, lafiyarsa ƙalau. In ya kauce da minti biyu ko uku a sati ɗaya da sabon batir, mayar wa mai kanti tun da wuri. Kuma tun wurin saye ka yi wannan sharaɗin da shi. In tsohon agogonka ne mai kyan fuska injin ya mutu, kada ka yar, masu gyaran agogo suna sayar da injin shi kaɗai, goro ɗaya ne yake riƙe da shi a tsakiya. Kai da kake canza wurin caji a waya, wannan ba zai gagare ka ba.

Na san akwai wanda zai ce duk wannan dogon bayani a kan agogon bango kawai? Eh, a kansa. Mu masu aikin hannu lokaci muke sayarwa. Da shi muke yi wa mutane alkawari, da shi muke sallamar yara su tafi makarantar Islamiyya, da shi muke rufe shago mu samu jam'i. Mun yarda mu kashe kuɗi a kan mita mai kyau da bulowa mai kyau, amma abin da zai auna mana lokacin sai mu ce a bar wa waya.

Maƙwabcin nawa da ya yi min dariya, jiya sau uku yana leƙo kai shagona yana kallon bango. Na uku na ce masa daga yau kallo naira hamsin ne.

Wanda yake ganin na yi kuskure, musamman masu agogon jan wuta, ga fili nan a ƙasa, ku kawo hujjarku, zan amsa in na tashi daga aiki. Ku tura wa makanikinku da telanku su ma su gani. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.